Taliyar Da Na Bi Har Wan Chai

Duk wanda ke zuwa Guangzhou saro kaya, Gwanzu kamar yadda bakinmu ya saba, ya san cikin ɗan kasuwar Arewa a garin nan bai wuce unguwa ɗaya ba. Xiaobei ce gidanmu. Nan masauki yake, nan 'yan canji suke, nan masu haɗa kaya a kwantena, nan kuma abinci. Kana sauka daga gadar ƙafa ta gaban ginin Tianxiu, duk inda ka waiga sai ka ga koren allo ɗauke da haruffa biyun nan na Sinanci masu nuna halal. Ga tsiren ragon mutanen Xinjiang yana ta hayaƙi, ga gurasarsu, ga shinkafar 'yan Yaman, ga Turkawa, ga taliyar Lanzhou da yaro zai ja maka da hannu kana kallo. Wanda ya san ƙofa ma, akwai ɗakunan sama inda matan Afirka ke tuƙa tuwo.

Sai dai duk cikin waɗannan babu abincin garin ko ɗaya. Lanzhou tana can lardin Gansu, arewa maso yamma, fiye da kilomita 1,500 daga Gwanzu, kuma yawancin masu shagunan taliyar nan Musulmi ne 'yan ci-rani daga lardin Qinghai. Xinjiang ta ma fi nisa. Su baƙi, mu baƙi, muka haɗu a Xiaobei suna dafawa muna ci. Akwai alhazan da suka tsufa a kan hanyar Kano zuwa Addis Ababa zuwa Gwanzu amma ba su taɓa sa cokali a girkin mutanen Kanton, wato Gwanzu a tsohon sunanta na Turawa, ba, kuma ba a ga laifinsu ba, don girkin nan da alade jini da tsoka ne. Kawuna na cikinsu. Shi ya fara kawo ni ƙasar Sin, kuma har gobe jakarsa ba ta rabuwa da garin kwaki, ƙuli-ƙuli da robar yaji.

Tafintar da ke mana aiki haifaffiyar Gwanzu ce. Yaren Kanton take yi da iyayenta, Mandarin a ofis, Turanci kuma da mu. Wata rana muna kasuwar kayan waya da ke kusa da tsohon ginin Nanfang a bakin kogi, mun sha fama da wani mai caja da ya kafe a kan farashi tun safe, sai ta dubi agogo ta ce, "Alaji, ku ba ni minti 10 in ci abinci, nan kusa ne."

Kawu ya yi dariya. "Wane irin abinci ne na minti 10? Ko wanke hannu ai ya fi haka."

Ta ce mu zo mu gani. Da yake ba mu da wani abin yi sai jiran mai caja ya sauko, muka bi ta.

Inda ta kai mu shi ne Xiguan, tsohon gari ke nan, a gundumar Liwan. Daga shekarar 1757 zuwa 1842 Kanton ce kaɗai tashar da sarakunan Sin suka yarda Turawa su yi ciniki a cikinta, kuma a bakin kogin nan ne aka keɓe musu rumbunan ajiya. Attajiran da suka yi kuɗi da wannan ciniki, a Xiguan suka gina gidajensu. Har yanzu titunan na da gine-ginen nan da benensu ya turo gaba ya hau kan ginshiƙai, mutum ya yi ta tafiya a ƙarƙashi ba rana ba ruwan sama. Muka bar babban titi muka faɗa lungu. Wanki a rataye sama da kanmu, tsofaffi a zaune bakin ƙofa suna buga majon, wani wasansu mai kama da karta, wata mata tana shanya ɓawon lemo a faifai. Babu baƙar fata ko ɗaya sai mu, alhali tafiyar bai fi ta 'yan tashoshi kaɗan daga Xiaobei ba.

Shagon bai fi shagon tela biyu a haɗe ba. Tebura ƙanana, kujerun roba marasa majingina, fanka a jikin bango tana juyi, kicin ɗin kuma a bakin ƙofa yake bayan gilashi, tururi ya rufe rabinsa. Ba ta ko duba allon farashi ba. Ta faɗi kalma biyu, ta biya da wayarta, ta nuna mana kujera.

Ni dai ban zauna ba, don can ƙuryar shagon na hango abin da ya tsayar da ni. Wani mutum ne tsamurarre, da 'yar shara da gajeren wando, ya hau kan wata ƙatuwar gora mai kaurin cinya. Kan gorar ɗaya an soke shi a rami jikin bango, a ƙarƙashinta ga curin kwaɓaɓɓiyar fulawa a kan tebur, shi kuma yana ɗaya kan, ƙafa ɗaya a rataye, ɗaya a ƙasa, yana tsalle yana matsawa gefe kaɗan-kaɗan. Duk tsalle ɗaya gorar ta danne fulawar ta bar shaida. In ya kai ƙarshe sai ya sauka, ya ninke ta, ya sake hawa. Fuskarsa ba alamar gajiya ba alamar nishaɗi, rediyo na yi a gefensa.

Tafinta ta ce dole ce ta sa. Kwaɓin nan da ƙwan agwagwa ake yin sa, ruwa ɗan kaɗan ne, saboda haka ya fi ƙarfin hannu. Sai nauyin mutum. Danna shi da ake yi a hankali, sama da awa guda, shi ke sa taliyar ta fito siririya amma ba ta tsinkewa. Ta ce yawancin shaguna yanzu inji ke musu, masu hawa gora sun ƙaranta, kuma 'ya'yansu ba sa son gādo. Abu na uku da ake zubawa shi ne wani ruwa mai kaifi, wanda da na shinshina robarsa sai na ji ƙamshin gida: ɗan'uwan ruwan kanwa ne. Aikin da kanwa ke wa ɗanwake shi yake wa taliyar, ya ba ta danƙo ya sauya mata launi. Kuma kamar yadda mai ɗanwake ke kwashe shi daga tukunya ta tsoma a ruwan sanyi don kada ya narke, haka na ga mai dafa taliyar nan yana yi.

Wannan mai dafawar na fi daɗewa ina kallo. Ya ɗauki curin taliya ya girgiza ta warware, ya jefa a tafasasshen ruwa, ya kaɗa da dogayen tsinkaye. Bai kai minti guda ba ya kwaso da matsami na waya, ya tsoma a ruwan sanyi, ya mayar a zafi kamar ƙiftawar ido, ya ɗaga ya watsa hannu sau biyu ruwan ya tsane. Duk wannan ba agogo, idonsa ma na kan mai shigowa. Kwanon kuwa tun kafin nan ya shirya shi, kuma shirin ya saɓa wa yadda hankali zai ba ka. Cokali ne ya fara shiga, a kwance a ƙasa. Sai ƙullin wantan, wato nama da aka ƙunshe a siririyar fatar fulawa, guda huɗu a kansa. Sai taliya a sama ta yi tozo. Romo ne ƙarshe, ta gefen kwano ake zuba shi, kuma ba a bari ya shanye kan taliyar. Wantan ɗin da cokalin su ne matashin da ke ɗage ta daga zafi, don muddin ta jiƙa ta yi laushi, a wajensu abinci ya lalace. Sai a barbaɗa yankakken lawashi mai launin ɗorawa, wanda a duhu ake rainonsa shi ya sa bai yi kore ba.

Kwanon ƙarami ne ƙwarai, tafin hannu biyu sun rufe shi. Sai-yung suke ce masa. Kuɗinsa bai kai yuwan 20 ba.

Ƙamshin da ke tashi daga tukunyar romon ya sa yawuna ya tsinke, ba zan ɓoye ba. Na ce ta tambayar mini me ke ciki. Ta ce ba sai ta tambaya ba, kowane yaro a Xiguan ya sani. Ginshiƙin romon wani kifin teku ne mai faɗi wanda ke kwanciya a ƙasan ruwa, idanunsa biyu a ɓangare ɗaya. Busar da shi ake yi, a gasa har ya yi ƙamshi, a dafa shi da ɓawon jatan lande na tsawon awoyi. Na ce to ai wannan duk halal ne. Ta girgiza kai. Ƙashin alade na cikin tukunyar. Ƙullin wantan ɗin, ko da an rubuta maka na jatan lande ne, akwai niƙaƙƙen naman alade da kitsensa a haɗe, shi ke riƙe shi. Kuma kafin a zuba komai, ana ɗiga man alade a gindin kwano don taliyar ta yi santsi.

Kawu ya ce, "Wato an tare duk wata hanya."

Ya kamata duk mai zuwa ƙasar nan ya riƙe wannan. Cewa da mai abinci "ban da alade" ba ya wadatarwa, don shi a fahimtarsa yankan nama kake nufi. Zai cire maka abin da ido ke gani da zuciya ɗaya, ya bar romo da mai, kuma bai yi maka ƙarya ba a ganinsa.

Muka zauna muna kallonta. An kawo mana shayi, ni na sha, Kawu ko kofin bai taɓa ba. Ba ta ce uffan ba har ta gama. Ta goge baki, ta dubi agogo, ta dubi Kawu. Minti 10 ba su cika ba.

A hanyar komawa ne ta ce, wai me ya sa ba ma zuwa wajen Musulman Kanton? Kawu ya ce waɗanne, masu taliyar Lanzhou? Ta ce a'a, 'yan gari, waɗanda yarenta suke yi, girkinta suke yi, alade ne kawai ba sa ci.

Abin kunyar shi ne mun san masallatansu sarai. Masallacin Huaisheng na kan titin Guangta, da hasumiyarsa mai zagaye da ta kai mita 36, yana cikin mafi daɗewa a ƙasar Sin. Mutanen garin suna danganta kafuwarsa ga Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas, har akwai kabarin da suke cewa nasa ne a harabar masallacin Xianxian inda muke sallar Juma'a, ko da yake littattafan tarihinmu sun nuna a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a. Abin da ba a musu a kansa shi ne tun zamanin daular Tang, tsakanin 618 da 907, 'yan kasuwa Larabawa da Farisawa na da unguwarsu a wannan gari. Jama'ar da ta yi sama da shekara dubu a wuri ai ba za ta rasa tukunyarta ba. A titin Zhongshan na 6 akwai babban gidan abincinsu, Huimin, wanda aka kafa tun shekarun 1950. Amma wannan zaure ne na biki da shan shayin safe, ni kuwa irin shagon lungun nan raina ya biya, mai kujerar roba da tururi.

A Hong Kong na same shi. Wani aiki na banki da ganin wani dillalin jirgin ruwa ne ya kai mu. Daga tashar Gwanzu ta Kudu zuwa West Kowloon, jirgin ƙasa mai gudun nan da aka buɗe a 2018 wajen awa ɗaya yake yi. Mai niyya ya duba takardunsa tukuna: Hong Kong na da nata izinin shiga daban, kuma in ka tsallaka an ƙirga ka fita daga Sin, in bizarka ta shiga ɗaya ce ba ka da hanyar komawa wajen kayanka. Muka sauka a Chungking Mansions da ke titin Nathan, ginin 1961 mai hawa 17, wanda duk ɗan Afirka da ya taɓa sayen waya a garin ya san layin lif ɗinsa. Ba zan tsaya a kansa ba, shi kaɗai labari ne.

Washegari muka hau jirgin fito na Star Ferry muka tsallaka zuwa unguwar Wan Chai. Azahar ta same mu a can, muka nemi masallacin Ammar da ke titin Oi Kwan, wanda aka buɗe a 1981. Gini ne mai hawa da yawa, in ba ka lura da hasumiyar ba sai ka ɗauka ofis ne. A hawa na biyar akwai kantin abinci na halal da ya yi suna, har daga Malesiya da Indunusiya ake zuwa cin ƙananan ƙulle-ƙullen da ake turarawa a kwandon gora. Bayan sallama na tambayi wani dattijo Basine da ke sa takalmi kusa da ni inda zan sami taliyar wantan ta halal, irin ta kasuwa. Ya nuna da hannu ya ce in nemi kasuwar titin Bowrington, in hau sama.

Tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa. Kafin ka kai sai ka bi ta ƙarƙashin gadar sama ta titin Canal, inda tsofaffin mata ke zaune a kan 'yan kujeru, gabansu turaren tsinke da gumaka, kowacce riƙe da tsohon takalmi tana dukan takarda a kan bulo tana surutai. Biya ake yi a daki maƙiyi, ko kishiya, ko shugaban wajen aiki. Ga benaye na gilashi sun tokare sama, ga taragon lantarki mai hawa biyu yana wucewa yana kaɗa ƙararrawa, ga kuma 'yan mata da kayan ofis a layi suna jiran a dakar musu wani. Kawu ya yi a'uziyya ya ja hannun rigata. "Kai, wuce. Har nan ma bokaye sun riga mu zuwa."

Ƙasan kasuwar na masu kifi da nama da ganye ne. Kifi da ransa a baho, ruwa na kwarara a daɓe, masu sayarwa da dogayen takalman roba. Sama kuwa fili ne guda babba, rumfunan masu abinci a jere jikin bango, tebura a tsakiya, fitilu farare, fankoki na ta kaɗa hayaniya. Gwamnati ce ta gina irin waɗannan wurare don ta kwashe masu abincin bakin titi ta tara su a inuwa ɗaya. Ba duk rumfunan ne na halal ba, kowace da teburanta, saboda haka sai ka nemi haruffan nan biyu. Ba mu sha wahala ba. Agwagi gasassu ne a rataye bayan gilashi, fatarsu na ƙyalli, ga tukunyar naman rago da kori tana tafasa, ga layi ya miƙe.

Layin ne ya fara ba ni mamaki. Na zaci zan tarar da masu hula da hijabi. Akwai su, 'yan Indunusiya da Pakistan jefi-jefi, amma mafi yawa Sinawa ne 'yan gari, leburori da rigar aiki, ma'aikatan ofis da katin wuya, tsofaffi da jakar cefane. Ba addini ne ya kawo waɗannan ba, baki ne.

A nan ba a jiran tebur ya zama naka. Inda aka ga kujera nan ake zama, ko da wa aka tarar. Matar da ke karɓar oda ta nuna mana kujeru biyu a teburin wani tsoho da ke karanta shafin tseren dawaki a jarida. Na ce, "Wantan min," na ɗaga yatsa biyu. Kawu ya ce in tambaya me ke cikin ƙullin. Ta ce kaza da jatan lande. Ya ce in sake tambaya game da romon. Ta nuna takardar shaidar halal da ke manne a bango, ta wuce abinta, don tana da mutum goma a bayanmu.

An ajiye mana kofin shayi mai zafi, na ga tsohon ya tsoma tsinkayensa da cokali a nasa ya ɗauraye, ni ma na yi haka. Ban gama ba kwano ya iso. Na zaro waya zan ɗauki hoto, sai tsohon ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, bai ko ɗago daga jaridarsa ba, ya ce da Turanci, "Ci. Ba ta jira."

Romon na fara kurɓa. Garau yake, kana hango gindin cokali, ba kitse a samansa sai 'yan ɗigo. Wanda ya taso da miya mai kauri da yaji zai yi tsammanin salam zai ji. Ina! Ƙamshin gasasshen kifi ne ke fara dukan hanci, ba ƙarni ko kaɗan, sai gishiri daidai, sai wani ɗan zaƙi da ke zuwa daga baya bayan ka haɗiye, na ɓawon jatan lande. Ba ya ƙona baki, ba ya sa gumi, amma sai ka tarar hannunka ya koma da kansa.

Taliyar kuwa ban taɓa cin irinta ba. Mu mun saba da taliya mai laushi, wadda harshe kaɗai ya isa ya murƙushe. Wannan sai haƙori ya yi aiki. Kana cizawa tana turjewa, sannan ta yanke ƙas, har kana jin ƙarar a kunnenka. Siririya ce kamar zare amma kowane sili daban yake, ba su manne ba. A ƙarshen loma akwai ɗan ɗacin ruwan kanwar nan da ke tsayawa a maƙogwaro. Tsohon ya lura na yatsina fuska, ya turo mini wata 'yar kwalba mai jan ruwa. Khal ne. Ɗigo kaɗan na zuba, ɗacin ya ɓace, romon ya ƙara fitowa.

Sai na tono wantan daga ƙasa. Fatarsa ba ta fi kaurin takarda ba, har kana hango jan jatan landen ta ciki. Ba a naɗe shi tsaf ba, matse bakin kawai aka yi aka bar sauran fatar tana lilo a baya, kuma haka ake so, su a wajensu kamannin jelar kifin ado ake nema. Girmansa loma ɗaya ne. Na sa a baki, fatar ta zame, ruwan ciki ya fashe, jatan landen garas-garas da shi, kazar kuma ta riƙe shi da ɗan farin masoro da man riɗi. Kunnena ya motsa. Jatan lande ba baƙon abu ne ga mai bin mazhabar Malikiyya ba, duk abin da ke cikin teku ya halatta gare mu, ko da yake Kawu sai da ya buɗe nasa da cokali ya leƙa ciki tukuna.

Kafin in farga kwano ya ƙare. Na ce wa tsohon abincin ya yi, amma ya yi kaɗan. Nan ya ninke jaridar. Ya ce da gangan ne. Babban kwano, kafin ka kai rabi taliyar ƙasa ta mutu. In ba ka ƙoshi ba, ka sa a kawo wani sabo. Ya ce asali ma ba abincin ƙoshi ba ne, abin taɓawa ne na dare, masu talla ke yawo da shi a Xiguan, murhu a kai ɗaya na sanda, kwanuka a ɗaya kan, suna tsayawa a ƙofar gidajen wasa da gidajen attajirai. Shi ne ya kawo mini zancen Mak Woon-chi, wanda ya yi suna da wantan a Gwanzu tun shekarun 1920. Yaƙi da sauyin zamani suka kwaso iyalai da yawa zuwa Hong Kong, bayan Japanawa sun ci Gwanzu a 1938 da kuma bayan 1949, kowa da sana'arsa a hannu. Ɗan Mak ya buɗe rumfa a unguwar Central a 1968, kuma zuri'arsa na da shaguna a garin har yau, da ƙaramin kwanon nan nasu da baƙi ke ƙorafi a kansa.

Na sa aka kawo na biyu, da farantin ganyen coi-sam da aka tsoma a ruwan zafi aka zuba masa baƙin romon kawa. A wannan karon ban tsaya komai ba.

Da na tura wa tafinta hoton kwanon da babu komai a ciki ta manhajar WeChat, sai ta amsa da dariya, ta ce ta taya ni murna, amma wantan ba alade ai rabin wantan ne. Ba ni da bakin yi mata musu a kan ɗanɗano, tun da ban ci nata ba kuma ba zan ci ba. Na yarda kitsen alade na yin wani aiki da kaza ba za ta yi ba. Amma na tsaya a bakin gilashin nan na Xiguan na ga abin da mai dafawar ke kaffa-kaffa da shi, kuma ba naman ba ne. Taliyar ce, da daƙiƙoƙin da za ta yi a ruwa, da kifin da ke cikin romo, da wanda zai riga wani shiga kwano. Duk waɗannan na same su a Wan Chai ba ragi. Waɗanda suka dafa mini kuma ba kwaikwayon girkin wasu suke ba. A cikinsa aka haife su, da yaren Kanton suke wa juna tsawa a kicin, kuma 'yan garin da ba abin da ya hana su cin alade ga su nan a layi. In wannan ba na asali ba ne, to sai a faɗa wa mutanen layin.

Kawu dai ya cinye nasa tas, har ya ɗaga kwano ya shanye romon, abin da ban taɓa ganin ya yi wa abincin Sinawa ba. Ya zaro robar yajinsa daga aljihu, ya dube ta, ya mayar. Na ce, "Kawu, ya ka ji?"

Ya goge gemu da hankici. "Romon ya yi, ba ƙarya. Amma ɗana, wannan ai buɗa-baki ne. Kira mini matar nan ta kawo shinkafa da agwagwar can, cinya nake so. Kuma ka tambaye ta ko ana ragi in mutum ya sayi guda sukutum."

Ba a ragi. Ya sayi rabi, aka sassara aka zuba masa a roba, muka sauko da sauri don dillalin jirgin ruwan ya ce ƙarfe 3 zai rufe ofis.